Folere a Bakin Binuwai

A Garwa ba a cewa zoɓo,
folere ake cewa.
Adda Dudu ta dafa nata tun asuba,
ba ta tsinka shi da ruwa don riba ba.
Ja ne har yana neman baƙi,
kamar haƙoran tsohuwa mai goro da fure.

Na kai kofi hanci tukuna.
Citta ce ta fara gaisuwa,
kanumfari na bayanta, shiru kamar baƙo.
Kurɓin farko ya kama min dasashi,
tsami ya murɗe kunnen harshena,
sai can a maƙogwaro
zaƙi ya iso a makare, yana ba da haƙuri.

Hamajoda ya ce a haɗa shi da ƙosai.
Na gwada. Ƙosai ya ji kunya,
ya ɓace a baki kamar ba a ci ba.

Sai ga giwan ruwa daga kan garwashi,
ɗazu aka kamo shi ƙarƙashin gada,
fata ta babbake, kitse na ɗiga,
yaji ya shige duk inda wuƙa ta tsaga.
Loma ɗaya, kurɓi ɗaya.
Tsami ya wanke maiƙo,
barkono ya miƙe zai yi faɗa,
folere ya dafa kafaɗarsa ya zaunar da shi.

Adda ta dubi jan leɓena, ta yi dariya:
"Dala arba'in, har da na abokinka."
Rana ta faɗa ruwa,
kogi ya ari launin kofina.
Na rage kurɓi guda a ƙasa,
yana jiran tsokar da ke maƙale a ƙaya.