Shafi na Sha Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Semarang,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa ta kai waccan.
Takarda mai shafi arba'in na kan tebur,
kofin shayin da ya huce ya danne ta.

Mista Leong ya sauko daga Singafo da jakar fata,
ya kurɓi kofi sau biyu ya ture.
"Kinasih, dala miliyan huɗu.
Kaso arba'in cikin ɗari namu,
da kujera biyu a teburin shawara.
Shekara biyar mu kwashi rabonmu mu kama gabanmu."
Murmushinsa na mai sayar da laima ne
ranar da hadari ya haɗo.

Gida goma sha ɗaya muka gina a Genuk,
ni da Danang da rancen kawuna.
Ƙasar nan nitsewa take, yatsa yatsa kowace shekara,
teku kan shigo layi ba sallama
ya kwana a ɗakin girki.
Shi ya sa muke ɗaga daɓe mita guda cur,
mu zuba rodi har lissafi ya yi ƙorafi.
Pak Sutarman, tsohon magininmu,
yakan mari ginshiƙi da tafin hannu
ya kasa kunne, kamar zai ji amsa.

Miliyan huɗu fa.
Gida ɗari uku ke nan, ko fiye.
Ina da littafi mai baƙin bango,
iyali ɗari shida da sha biyu na jira a ciki,
wasu sunayen ma ruwa ya taɓa tawadarsu.
Ga filin bayan tashar jirgin ƙasa,
in wata ya mutu ban biya ba, wani ya saye.
Danang ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa, na ji,
amma ta hana mu filin bara."
Bai yi ƙarya ba.

Sai dai shafi na sha bakwai.
Lauya ta ja masa layi da jan biro:
in riba ta gaza, su za a fara biya, ninki biyu;
in sun ga dama su sayar, nawa ma ya bi nasu
kamar jela ta bi raƙumi.
Su da dala suke ƙirga,
Bu Lastri kuwa rupiya take kawowa,
ran biyar ga wata, cikin ambulan mai warin gam,
don takalma take liƙawa a masana'anta.
In rupiya ta zame, wa zai cike gurbin?
Na san amsar. Tana da 'ya'ya uku.

Akwai kuma wani ɗan layi can ƙasa
a jadawalin da yaronsa ya turo:
daɓe rabin mita ya isa, a rage siminti.
Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga katifa
ya ɗora bisa kabad da tsakar dare ba.

Ban ce mugaye ba ne.
Kuɗin ma ba nasu ba ne, na wasu tsofaffi ne
masu jiran fansho a ƙasar da ban taɓa zuwa ba.
Amma wanda ya ci ladan kuturu
ya san aikin da ke gabansa.

Na ɗauki biro, ba don sa hannu ba.
Na soke arba'in na rubuta talatin,
na soke biyar na rubuta takwas,
na kashe ninki biyu,
a gefe na ƙara da manyan baƙaƙe:
mita guda ba ta cikin ciniki.
Wataƙila gobe ya rufe jakarsa ya nemi mota.
Wataƙila filin ya tafi.

Waje, ruwa ya fara lasar matakala ta farko.
Na tashi na kwashe takalmana
na mayar da su ta huɗu.