Awon Gajiya

Tun ina ɗiya aka koya mini amsa:
in an ce "Ina gajiya?" ki ce "Ba gajiya."
Shekara arba'in da ɗaya ina faɗin ta,
har ranar da aka fita da gawar Sahabi,
na faɗe ta ga masu gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya.

Yau Talata, a asibitin Gawon Nama,
Sista Murja ta zo da takarda da biro.
Ta ce, "Tumba, wannan ba gaisuwa ba ce.
Daga sifili zuwa goma, nawa ce gajiyarki?"

Na yi dariya har Ige ta zungure ni a benci.
Ni za a tambaya awo?
Ni ce mai gero a bakin Tsohuwar Kasuwa,
tiyata ba ta taɓa cin amanar kowa ba.
Na san awo mai tozo, na san wanda aka shafe wa baki,
tafina na gane hatsin da ya kwana a raɓa.
Amma wagga haja, ban san kwanonta ba.

Na ce, Sista, wacce daga ciki?
Akwai ta asuba, mai riga ni tashi,
ta zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa,
har liman ya sallame ban kai ga buta ba.
Akwai ta azahar, sa'ad da Sakkwato ke tafasa,
inuwar dogon yaro ta tsuke ta bar ni a fili,
in ɗaga tiya ta sha biyu, kafaɗa ta ce ta ƙi.
Sai wata da ba ta zama a nama:
shekara tara ina ɓoye robar magani
a ƙasan kwanon daddawa,
don kar idon maƙwabciya ya karanta.
Ita wannan, ko na wuni ina barci, ba ta sauka.

Ta buɗe fayil ta ce, "Jininki ya yi kyau,
ƙwayar cutar ta yi ƙasa, na'ura ba ta ganin ta."
Alhamdu lillahi.
Sai dai na'ura ba ta raka ni rijiya ba,
ba ta ja guga ta uku.
Ba ta ga na sauka kabu-kabu a Ƙofar Rini
na dafa bango na tsaya
kamar mai sauraren hirar cikin gidan mutane.

"To ƙarfi fa? Shi ma ana awon sa."
Jiya na daka fura da hannuna,
na kitse kan Lubabatu har ƙeya,
na yi mata faɗa kan takalmin makaranta.
Ai faɗa ma sai da ƙarfi.
Bara war haka kallon ta kawai nake.
Na ce rubuta wannan.
Ta ce babu gurbinsa, lamba kaɗai takarda ke ci.
Ta ɗan yi jim, ta juya bayanta, ta rubuta.

Ige ta ce tata takwas,
a hankali, kamar mai bayyana bashi.
Wata sabuwar zuwa ta ce biyu, tana hamma.
Ba wanda ya tanka mata.
Mu ma da biyu muka fara.

Na rufe ido na auna, yadda nake wa mai saye,
ban danna ba, ban zabge ba.
Na ce shida. Shida da ɗan tozo.
Ta ce, "Tozo ba ya cikin lissafi."
Na ce a kasuwa a kansa ake rigima.

Na karɓi maganin wata uku na ƙulle a gyale.
A bakin ƙofa tsoho mai gadi ya ɗaga hannu:
"Hajiya, ina gajiya?"
Baki ya riga ni, ya ba shi tsohuwar amsa.
Na yi taku uku na waiwayo.
Na ce, "Akwai ta, Baba. Shida ce, an rubuta."
Ya dube ni, ya gyara hula,
ya ce, "To, Allah sa ta bi lafiya."