Ƙwannafi a Manchesta

Ƙarfe biyun dare, Cheetham Hill ta yi tsit,
ni da ƙirjina ne ba mu runtsa ba.
Garwashi na hawa maƙogwaro a hankali,
mai bin bashi da ya san ƙofar gida.

Likita ta ce: rage barkono, rage maiƙo,
kar ka ci ka kwanta.
Na ce to.

Amma yajin da Goggo Uwale ta daka,
ta ƙulle a leda uku ya ƙetaro teku,
citta, masoro, har ƙamshin turminta,
da wane baki zan ce a'a?

Jiya na ci shinkafa lami,
ciki ya gode, harshe ya yi yaji.
Yau na je biko.
Ga sadakin ina biya.