Idon Kan Falwaya

Ranar da aka ɗauke babur ɗin Rabe
a ƙofar masallacin layinmu, Rafin Daɗi,
liman na cikin raka'a ta biyu ta Asuba,
muka taru a dakalin Sada mai shago
muka yanke: kowane gida dubu biyu.
Ni ma na bayar. Ko tari ban yi ba.

Ranar Laraba yaro ya zo da tsani
ya ɗaura ta a wuyan falwaya,
'yar mitsitsiya kamar ƙwan zabo,
da ɗigon ja wanda ba ya ƙiftawa.
Yara suka yini suna yi mata gwalo.
Sada ya ce, mai kaza a aljihu
shi ne ba ya jimirin as.
Muka yi dariya, kowa na shafa aljihunsa.

Ni ba ni da kaza.
Amma akwai daren da wata ya yi nisa,
tukunya ta kwana biyu a kife,
na bi gindin bango bayan Isha'i
na ƙwanƙwasa wa Malam Mani a hankali.
Shekara ashirin duhu ke yi mini rakiya,
bai taɓa kai labarina ko'ina ba.
Yanzu an sallami duhu daga aiki.

Da safe ɗan Sada, mai riƙe da wayar,
ya gaishe ni har ƙasa, gaisuwa mai tsawo,
ya ƙara mini sukari ban roƙa ba.
Alheri ne, na sani.
Shayin ranar dai a maƙogwaro ya tsaya.

Tun rasuwar mijin Tsahara, shekara shida,
kowace Juma'a takan buɗe ƙofa
ta tarar da tiyar gero a ƙulle.
Ta tambaya har ta gaji, ta bar wa Allah.
Mako guda ya ishi kyamara:
Ɗanbaba mai wanki ne.
Layi ya ɗauka, ana ta sa masa albarka,
shi da ko hagunsa bai gaya wa ba.
Kwana uku bai fito shanya ba.
Geron na zuwa har yau, a hannun yaro, da rana,
Tsahara kuwa ta sauya hanyar rijiya
don ba ta san inda za ta sa idonta ba.

An san Barira na zuwa kemis duk Litinin.
An san tsoho Lawandi ya jingina da katanga
ƙarfe biyun dare, ya yi kuka da hularsa a baki.
Ba wanda ya yi mugunta.
Gani kawai aka yi.

Waɗanda suka gina garin nan
sun karkata ƙofar zaure da gangan
don ido ya yi sallama kafin ya shiga.
Sun san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Mala'iku biyu na kafaɗata ma suna rubutu,
dare da rana, ba hutu,
amma ba su taɓa tura wa kowa a waya ba.

Har yanzu bayan salla muna ɗaga hannu:
Allah ka rufa mana asiri.
Mu shafa, mu fito, mu gyara zaman hula
kafin mu gifta ta ƙarƙashinta.

Watan jiya aka ɗauke janaretan Sada.
Mun kalli hoton sau goma:
wani ne, fuska naɗe da rawani,
har ya ɗaga mata hannu zai wuce.
Shi kaɗai ne a layin ba ta sani ba.

Jiya an sake zama a dakali.
An ce guda ta yi kaɗan, a ƙaro biyu,
ɗaya ta kalli bakin lungu,
ɗaya ta kalli ƙofofinmu.
Takarda ta zagayo da sunaye.

Na ba da dubu biyuna,
don kada a ga ban bayar ba.