Hanji Mai Saurin Fushi

Cikina na da agogonsa, ba irin na masallacin Birni ba.
Kafin ladan ya gyara murya, shi ya riga ya yi kira,
ƙugi kamar tsohuwar mota a hawan dutse.
Ni da buta mun san hanya ko babu fitila.
Wani mako ya ɗaure kamar bakin jakar marowaci,
wani mako ya kwance, sai gudawa.

Shekara bakwai ina dukanci da rabin zama.
Ina cikin yankan jar fata, mai alabe na tsaye yana jira,
sai murɗa ta zo. In ce, "Ga ni nan,"
in dawo in tarar ya wuce Kasuwar Dole wajen wani.
Wake na bari. Albasa na bari. Furar Cima na bari.
Kilishin Zengo ma na mai da shi surukata,
tsakaninmu daga nesa, sai gaisuwa.

A babban asibiti an ɗebi jini, an haska ciki.
Likita Barira ta juya takarda sau biyu:
"Babu tsutsa, babu gyambo.
Hanjinka ne mai saurin fushi."
Na ce, "Wa ya taɓa shi?"
Ta ce, "Wata rana abinci, wata rana damuwa."

Sai ga saƙo daga Yamai a motar dare,
ɗan ƙanwata Laminu, kwalba biyu cikin leda.
Ɗaya maganiziyom, sunan ma da magani ya fara,
ɗaya fotasiyom, farare kamar haƙoran ɗan akuya.
Jika tara!
Wai a waya ya ji ana yabawa.

Iya Yagana ta karɓa, ta kaɗa a kunne, ta taɓe baki:
"Gishirin ƙasa ne aka ɗinka wa riga.
Mu da raƙuman Manga ke sauke wa ungurnu a ƙofar gida?
Jiƙa ka sha."
Na sha, na yi gyatsa uku masu kyau.
Da la'asar ciki ya ci gaba daga inda ya tsaya,
bai ko gode wa kanwa ba.

Na kai kwalaben gaban Barira kamar ɓarayin da aka kama.
Ta ɗaga ta fari:
"Wannan kan sassauta.
Ranar ɗaurewa, wataƙila, kaɗan, yadda zan rubuta.
Ranar gudu kuwa ka ƙara wa tafki ruwa."
Ta biyu ta ture da gindin biro:
"Jininka bai ce ya rasa ba.
Ƙoda da zuciya ba a yi musu kyautar da ba su roƙa ba."
Ta miƙo mini littafin ƴan lakwal,
ta ce abin da na ci, da abin da ya biyo, in dinga rubutawa.

Litinin: dambu. Lafiya lau.
Talata: dambu, tukunya ɗaya, hannu ɗaya. Murɗa har azahar.
Na daɗe ina kallon layin nan biyu,
sannan na ƙara a gefe, ƙanana:
yau majemi ya zo bin kuɗin fatu.

Ban warke ba, kada wani ya ce na ce.
Muna dai zaman maƙwabta, katanga ɗaya,
in ya buga in amsa, in ya yi shiru in ɗinka biyu.

In Laminu ya kira, "Kawu, da sauƙi?"
sai in ce da sauƙi, Allah ya yi albarka.
Ba na gaya masa kwalba ta biyu tana nan da hatiminta,
tana danne mini bakin fata kada iska ta naɗe.
Nauyinta daidai ne.
A wannan aikin dai, ba ta da kasawa.