Hujin Oktoba

Kalandar da ke jikin firjinmu a Duluth
kyautar shagon taya ce,
kowane wata da hoton tafki.
Tun bazara nake zagaye rana da fensir,
in goge, in sake, in goge,
har takardar Oktoba ta huje a kan sha tara.

Solveig, 'yata, ta kafa ido a hujin
ta ce, "Mama, ina hango Nuwamba."

Shekara goma sha biyu rabona da aji.
Aikin dare nake a gidan tace ruwa.
Hancina kan riga na'ura jin sinadari,
in tafki ya yi fushi, kofi ɗaya ya ishe ni shaida.
Amma a ce in nemo kusurwar alwatika,
sai in yi tsuru-tsuru
kamar wadda aka aika gidan da ba ta sani ba.
Ga shi ƙofar digiri na biyu
ba ta buɗuwa sai an ratsa ta wannan jarrabawa.

Kowa da tasa.
Torvald, abokin aikina, ya ce, "Yi yanzu,
da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.
In ta ƙi, bayan sati uku ki koma."
Shi gwauro ne, bai san dala ɗari biyu da ɗoriya
ɗumin gida ba ne na wata guda.
Yayata Gudrun ta ce, "Bari sai baɗi,
sauri ya haifi nawa."
Ita ma baɗi ta ce ranar da ta ajiye gogenta.
Yana nan ƙarƙashin gado,
tsirkiya biyu sun tsinke don kansu.

Sai na bar tambaya, na ƙirga da baya
kamar mai warware saƙa.
Makaranta na rufe ƙofa tsakiyar Disamba,
sakamako na cin mako biyu a hanya,
in kuma na faɗi, ina son filin tashi.
Lissafin ya ja ni, ya ja ni,
ya dire ni daidai bakin hujin.

Ran Lahadi na gwada kaina:
agogo a gaba, ba shayi, ba tashi.
Makin da na samu ban nuna wa kowa ba,
amma bai yi mini ƙarya ba.
Karatu da dama-dama. Lissafi ne ramin.

Littafin da na aro a laburare
wani ya riga ni shan wuyarsa,
ya zana fuska mai hawaye a shafi na tamanin.
Ban san shi ba, amma na gaishe shi.

Yanzu ƙarfe uku na dare,
tsakanin awon ruwa da awon ruwa,
ina zaro katuna daga aljihun riga,
kalma goma, tambaya biyar.
Injuna na gurnani, ni ina gunaguni.
Duk wadda na kasa, sai ta shiga jan littafi,
in dawo mata ran Alhamis
kamar mai bin bashi.
Wasu sun biya. Kashi-cikin-ɗari har yau yana ɓuya.

Wani daren na yi barci a kan shafi,
na farka da rabin da'ira a kumatu.
Torvald ya gani, bai ce komai ba,
ya tura mini kofi.

Yau da asuba na dawo gida,
jirgin tama na kuka a bakin gada,
hazo ya cinye rabinsa.
Ban cire takalmi ba, na zauna,
na zaɓi sha tara, ƙarfe takwas na safe.
Yatsana ya daɗe a sama
kafin ya sauka.
Kuɗi suka tafi, ko waige babu.

Na liƙe hujin da farar takarda,
na rubuta ranar da biro.

Solveig ta fito tana murza ido,
ta duba, ta turo baki:
"Kin rufe mini Nuwamba."
Na ce, "Sa safarki, ga madara.
Da ƙafa za mu je."