Makullin Ruwa

Ni ne Toktosun, mai riƙon makullin ƙofar ruwa
a wani lungu na kwarin Fargana.
Shekara talatin da ɗaya ina murɗa ƙarfen nan.
Asabar zuwa Litinin ruwa ya bi hagu, ya shayar da Tajik,
Talata zuwa Alhamis ya bi dama, gun Kirgiz, dangina.
Ran Juma'a na sake shi ya bi inda ya ga dama.

Saidmurod kan haye gada da rumman a aljihu,
ya fasa biyu, ya miƙo min babban ɓari.
Ban taɓa tambayar ruwan wace rana ya nunar da shi ba.

Sai ƙanƙarar kan dutse ta fara rowa.
Bara ruwa ya kai gwiwa,
bana da ƙyar ya rufe idon sawu.
Wani yaro ya tsoma kara ya auna, ya ruga gida da kara a hannu,
kafin la'asar karan ya zama labari,
kafin magariba labarin ya yi ƙaho.

Motoci suka zo daga birni da masu kwat,
ba wanda ya leƙa kwata a cikinsu.
Taswira suka shimfiɗa, wadda ta girmi kakana,
kowa ya ɗora yatsa ya ce nan namu ne.
Da safe na tarar da kwaɗo biyu a kan ƙofar,
ba nawa ko ɗaya.

Dutse ya fara tashi, sannan abin da ya fi dutse.
Makarantar da 'ya'yanmu suka koyi ƙirga tare
ta kwana tana ci da wuta.
Wanda ka sani da sunan uwarsa
yau sunansa "su".

Jiya na hango Saidmurod a tsallaken waya.
Ya sa hannu a aljihu, gabana ya faɗi,
na ja da baya taku biyu.
Rumman ne. Ƙarami, ya yanƙwane.
Ya ga takun nan biyu da na yi.
Ya mai da shi aljihu.

Ƙofar tana nan a kulle,
ruwan ya gaji da jira, ya haƙa hanyarsa ta ƙarƙashi,
yana tsiyaya cikin tsakuwa inda ba gonar kowa.
Makullin na rataye a wuyana har yanzu.
In na sunkuya alwala
sai ya bugi ƙirjina.